Ɗakin Fiddausi Ba Hayaƙi

"...lafiya lau muke, sai dai ganinka da yar rage muna lafiyar. Gajiya kam ba ni tambayarka, don na san ba ka taɓa aikin gajiya ba."

"Ni ko sai na tambaye ki. Ina gajiyar surutu? Ina Malam? Shina nan da ransa, ko haƙuri ya gama da shi?"

"Shina kasuwa, garau da shi. Wanda yas sami mace irina mi za shi gama da shi? Sauke buhun nan, bawana, ka ja da baya. Warin albasarka ya riga ka sallama."

Daso ke nan da Lirwanu. Uwar Daso da uban Lirwanu ciki ɗaya suka fito, don haka taubasai ne, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma tun suna yara har ga shi furfura ta fara leƙo su ba a raba wannan gardama ba. Ni kuwa Jamila nake, faccalar Daso, ƙanen mijinta Malam nake aure, gidanmu ɗaya a nan Bodinga. Ranar ina bakin keken ɗinkina a rumfa ina fama da rigunan filo na amarya, kuma wallahi da na san irin shari'ar da za a tsoma ni ciki da na ja keken na shige ɗaki.

Amaryar ita ce Fiddausi, 'yar Lirwanu ta fari. Daga Shagari za a kawo ta nan Bodinga ƙarshen makon, gidan su ango Maniru da ke bayan masallacinmu. Daso ce gwaggon da aka damƙa wa ɗaki, kuma duk garin nan ba mai soya turaren wuta kamarta. Amaryar da Daso ta turara wa ɗaki, ko bayan wata ka bi ta ƙofar gidan sai hancinka ya ba ka labari, balle 'yar taubashinta. Tun da aka sa rana take cika baki cewa sai an jiyo ƙamshin ɗakin Fiddausi daga Dingyaɗi. Shi ya sa ta aiki Lirwanu Sakkwato ya ƙaro mata kayan haɗi, farce da hawi da sandal da madarar turare. Ga kasko a gefenta yana ta hayaƙi tana gwajin wanda ta soya da safe, ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali har girarta ta ɗage.

Ta kwance bakin buhun, ta zura hannu, ta jawo wani yadi baƙi wuluk.

"Wanga mi na na?"

"Yadi na. Mai kauri. Ko tocila kinka haska ba ta ratsa shi."

"Na ga yadi na, ban makance ba. Wa yam mutu?"

"Labulen taga na, na ɗakin amarya."

"Baƙin labule ɗakin amarya. Lirwanu, aure za ka kai ɗiyarka ko takaba?"

Na ce Allah ya kiyaye, ku daina wannan baki, amma ko kallona ba su yi ba. Daso ta sake zura hannu. Ta fito da wata ƙatuwar kula ta ruwan sanyi, ta ajiye. Ta fito da ƙullin dabino da na gyaɗa, ta ajiye. Ta fito da farar leda mai 'yan kwalabe na magani, ta girgiza su a kunnenta. Sannan ta kifa buhun ta kakkaɓe, ko ɓawon sandal bai faɗo ba.

"Ina farce? Ina hawi? Ina madarar turarena?"

"Suna kasuwa, lafiyarsu lau. Sun ce a gaishe ki."

"Yau ga aiken bawa garinsu. Na aike ka kayan ƙamshi ka kawo mani kayan jinya. Dama an ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kawu mutumin kirki, in an aike shi allura ba shi dawowa da tabarya, ban san inda yat tsinto ka ba."

"Inda Gwaggo tat tsinto ki, can kusa. Zauna ki ji, in kina iya rufe baki gwargwadon a sha ruwa."

"Ba ni zama. Cikin gidana bawa ba shi ba ni wurin zama."

Ta zauna ɗin. Shi ma ya jawo turmi ya kifa ya ɗosana, ya cire hula ya share gumi.

"Ba ni kaɗai nit tafi Sakkwato ba," in ji shi. "Da yarinyar munka tafi. Asibiti nik kai ta. Ita ta wuce Shagari, ni nib biyo nan."

Yarinyar, wato Fiddausi. Kasancewarta 'yar fari, Lirwanu bai taɓa kama sunanta ba. Ko a gaban baƙi sai dai ya ce yarinyar, ko ta wajen Rahamatu, wato matarsa, kamar ba shi ya haife ta ba. Mu nan haka muka taso muka tarar, kuma shi ya riƙe abin da ƙarfi fiye da kowa.

Daso ta dafe ƙirji. "Amarya asibiti, ana saura ƙiris a kai ta? Kana son gari shi ɗauka cewa gyambo munka lulluɓe muka ba mutane?"

"Ciwon kan nan nata na. Likita ta zaunar da ita ta yi ta tambaya, wane ɓari, yaushe shike tasowa, mi take gani kafin shi zo. Tac ce sunanai ciwon ɓarin kai, kuma sananne na, ba yau sunka fara ganinai ba."

"Sai da kab biya mota har birni anka gaya maka ɓarin kai ka ciwo? Ai ko akuyar gidanku ta san wanga. Abin da ba su sani ba shi na nis sani. Yarinyar da ka ganin walƙiya cikin idonta da rana tsaka, ba hadari ba komi, ta ce haske na gilma mata, kai ka ce ciwon kai na? Mutanen ɓoye na. Tun tana budurwa ƙarama nike mata hayaƙi, da ba don ni ba da yanzu wani zance ake."

"Walƙiyar ma likita ta san ta. Tac ce sallamar ciwon ta, shi ka aiko ta gaba kafin shi iso. Hayaƙinki ko, duk randa kinka yi mata shi, mi ka biyo baya?"

"Amai."

"To."

"To mi? Amai ai fitar cuta na. Kai da ba ka san komi ba sai ban-ruwan albasa, za ka koya mani jinya? Abin da babba yah hango, yaro ko ya hau rimi ba shi ganinai."

"Wane babba? Na girme ki da damina guda cur, Inna ta sha faɗi."

"Damina ta yunwa, ba a lissafa ta."

Ni dai ina taka keke ina jinsu, raina na ɓaci, don duk lokacin da suka ɗaga murya sai ɗinkina ya karkace. Daso ta ɗauko farar ledar ta zazzage kwalaben a zaninta, ta ɗaga ɗaya tana kallo ta gefen ido.

"Waɗanga fa? Kantin magani za ta buɗe gidan miji?"

"Wanga ƙaramin, da ta ji sallamar ciwon take shan shi, ba sai ya kwantar da ita ba. Wanga kuma kullum na, maganiziyam sunanai, ƙarin ƙarfi na, ana sa ran shi rage yawan zuwan ciwon."

"Magani wa?"

"Maganiziyam."

"Ka gani ko. Ka ce ba iska ba, ga shi ka kawo magani mai sunan sarkin aljanu."

"Wanga rawayan kuma bitamin na." Ya kau da kai ya kalli katanga, ya yi ƙasa da murya. "Likita ta ce shina sauya launin bawali shi koma awa ɗorawa. Ku mata ku san yadda za ku yi da wanga zance. Na dai faɗa maki don kada ki ji labari ki ce shawara ta, ki ɗura mata saiwa."

"Ji mani mutum. Ni da nike da jan kafso na mai talla, kullum da safe in haɗiye biyu in kama aikina, wa yat taɓa jin na sauya launi? Da ka tambaye ni da na ba ta kyauta."

"Shi na ma likita tah hana. Tac ce mai haɗiyar maganin ciwon kai kullum-kullum, maganin da kanai ka komawa shina kiran ciwon. Garin neman gira a rasa ido."

"Likitar ga taka komi sai ta hana. Mi tab bari?"

"Ta bar ruwa, tac ce a sha da yawa, ga kula nan. Ta bar abinci, tac ce kada a tsallake shi ko sau ɗaya, ga dabino da gyaɗa nan ta aje kusa. Ta bar barci bisa lokaci. In ciwon ya zo, ɗaki mai duhu, ba hayaniya, tsumma mai sanyi bisa goshi. Ga labule nan."

Daso ta tafa hannu ta juyo wajena. "Jamila, kina ji? Amarya ta zauna tana tauna gyaɗa awa biri bisa rumbu. Ina anka taɓa yi? Amarya kunya anka san ta da ita. A kawo akushi ta kau da kai, a yi lallashi, a yi magiya, ta ɗanɗana ta ture. Ni da anka kai ni, sai da hanjina yan naɗe ban taɓa tuwon gidan ga ba. Shi shina son a ce mun kawo mayunwaciya daga Shagari."

"Ke da anka kawo ki, Malam ya ce rumbu guda yat tafi kafin ki fita lalle."

"Ƙarya ta, kuma Allah shi isa."

"Gara a ce mayunwaciya da a ce mai iska, Daso. Ki duba. Ranar kai amarya ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta yi barci ba, ƙawaye sun cika ɗaki da shewa, an rufe taga, ke kuma kin jera kasko kowace kusurwa. Likita ta ce kowa da abin da ka tayar mai da nashi, ita yarinyar ba abin da ka tayar mata awa ƙamshi mai ƙarfi da hayaƙi. Daren farko ta kife tana amai tana riƙe da ido gaban dangin miji. Mi kike zato za su ce? Sunan da anka laƙa wa amarya makon farko, da shi take tsufa."

Nan ne Daso ta gane inda zancen ya dosa. Ta miƙe tsaye, zani ya zubar da kwalaben, ni na duƙa ina tsince su.

"Tsaya. Kasko kac ce? Wai nufinka ɗakin ɗiyata ba turare?"

"Ko ƙwaya."

"Ni Daso? Ni da nit turara ɗakunan 'ya'yan mutanen da ko gaisuwa ba mu yi, ranar tawa a shiga a ji warin siminti da sabuwar katifa? Uwar Maniru hancinta ya fi na kowa tsini garin ga, tun daga zaure za ta fara shinshina. Binta mai humra, wadda ba ta iya ko narka sukari ba, ta samu abin faɗi har ta mutu. A ce mai turare ta kai ɗiya ba turare. Wallahi Lirwanu ba ka isa ba. Ka haife ta, amma ɗaki nawa na. Kai aikinka ka karɓi sadaki hannu, ka tafi ka ɓoye gona awa kowane uba mai kunya."

"Mai ɗaki shi yas san inda ka mai yoyo."

"Mai ɗaki ni ta. Kuma gwano ba shi jin warin jikinai, in ba haka ba mutumin da ka kwana cikin rumbun albasa bai zo shina yi wa ƙamshi sharri ba. Hassada ta. Tun muna yara kake baƙin cikin in yi ƙamshi kai kana wari."

"Tun muna yara kike shafa man shanu kina cewa turare na. Ƙudaje ka raka ki makarantar allo."

"Su ma sun san abu mai daɗi. Kai ko ƙuda bai taɓa bin ka ba." Ta kai hannu ta dafe gefen kanta na hagu, ta runtse ido ɗaya. "Ka gani ko. Kai dai maye na, na sha faɗi ba a yarda ba. Duk randa kat tako gidan ga sai ɓarin kaina ya sara. Yau tun hantsi shike bugawa awa ana daka ciki."

Lirwanu ya tsaya yana kallonta, sannan ya mayar da hularsa a hankali.

"Tun hantsi. Ni ko da hantsi ina layin asibiti Sakkwato. Maitar tawa mota tas shiga tar riga ni isowa?"

"Maye ba shi rasa hanya."

"Jamila," in ji shi, "ke ba taubashiyata ba ta, ba ni wasa da ke. Don Allah ki faɗi gaskiya. Yaushe nike zuwa gidan ga?"

Ka ji irin abin da nake gudu. Ni ba na son shiga tsakaninsu, don in suka shirya ni ake bari da jin kunya. Amma ya haɗa ni da Allah. Na ce, "In za a yi biki, in Yaya Daso ta aike ka kayan turare."

"In na kawo, mi take yi?"

"Ta hura wuta ta hau suya."

"Sai kuma mi?"

"Sai ta ɗaure kai ta shige ɗaki, ta ce kada wanda yay yi daka, kada a kunna rediyo."

"Sallar layya da niz zo hannu rabbana, niy yini nan ina cin naman Malam har magariba, kanta ya yi ciwo?"

Ni dai ba na son in yi shaidar zur. Na ce, "Ranar kam har rawa ta taka da anka kawo kai da ƙafa."

Daso ta watso mini harara. "Munafuka. Gida ɗaya muke kwana, ki sayar da ni ga mai albasa."

Na ce ni ba a saye ni ba, tambayata aka yi, kuma a bar ni in yi ɗinkina.

"Likita ta tambaya ko akwai mai irinai cikin dangi," Lirwanu ya ci gaba, "don ana gadonai. Nic ce akwai wata tsohuwa Bodinga, amma ita ta ce ni ka cin kurwarta. Kin manta kakarmu Nana Hauwa? Ba ki tuna yadda take shigewa ɗaki ta tura ƙyaure da rana tsaka, da jiƙaƙƙen tsumma bisa kai, a kore mu waje? Ita ma ni nic cinye ta? Ke kinka gado, yarinyar ta gado. Bambancin kawai ke kin samu wanda kike laƙa wa."

"Tsohuwa kac ce da ni gaban likita?"

"Duk zancen ga abin da kinka ji ke nan?"

Ta koma ta zauna, amma ba ta sauko ba. Na san Daso, in aka kama ta a gaskiya sai ta ƙara hawa. Ta jawo kaskon kusa da ita da gangan, ta ƙara barbaɗa turare, hayaƙi ya turnuƙe rumfar har ni sai da na yi tari.

"To na ji, a ce hayaƙin na. Tun kafin a haifi yarinyar nike wagga sana'a, na mutu? In ya sara in ɗaure, in ya lafa in kwance. Ita ma ta ɗaure. Dare ɗaya na. Mace da juriya anka san ta, kuma ba a fasa al'ada don kan mutum ɗaya. Ta jure awa yadda nij jure, bayan biki ta sha aljanin maganinta."

Na zaci zai rama da wata baƙar magana. Sai ya sunkuyar da kai yana murza yatsunsa, da ya ɗago kuma babu wasa a fuskarsa.

"Makon jiya Rahamatu ta turo ta nan ki yi mata turaren jiki. Kin zaunar da ita bisa kasko kin lulluɓe ta da bargo."

Haka aka yi, a gabana. Ta fito daga bargon idanunta jajur suna zubar ruwa, Daso tana guɗa tana cewa kukan amarci ne ya fara.

"Ni nid ɗauke ta bisa babur," in ji shi. "Ba mu yi nisa da Bodinga ba tac ce in tsaya. Ta durƙusa bakin hanya tana amai har ba abin da ka fitowa, ta rufe ido da mayafi don ko hasken rana ba ta iya kallo. Sai da nic cire rawanina niɗ ɗaure ta ga bayana awa jaririya, don kada ta faɗo, haka munka isa Shagari. Kwana da yini tana cikin duhu, ko motsin cokali ba ta so. Da tas samu kanta nic ce bari in zo in same ki. Ta riƙe mani riga. Fiddausi ta ce mani, Baba don Allah kada ka gaya wa Gwaggo, ta sha wahalar turaren ga, ranar ta ta, ni zan jure."

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Shekarun da na yi a gidan nan ban taɓa jin sunan ya fito daga bakinsa ba, kuma na tabbata Daso ma ba ta taɓa ji ba, ita da ta san shi tun yana yawo ba wando. Tausayi ya kama ni har na ji idona ya cika. Shi kuwa ya kau da kai yana kallon babur ɗinsa kamar yau ya fara ganin sa.

Hayaƙi na ta tashi tsakaninsu. Can Daso ta ja dogon numfashi, sai kuma ta fashe da faɗa, faɗan da ya fi na farko zafi.

"Kai wane irin uba na? Yarinya ta yi wagga wahala tun makon jiya, sai yau kake gaya mani? Kana zaune kana jera mani gyaɗa da dabino awa mai talla, ba ka fara da zancen da ya kamata ba? Da ta faɗo bisa babur fa? Da rawani ake ɗaure amarya? Ita kuma ja'irar, ni za ta jure wa? Wa yac ce mata ranata ta? Ni anka ɗaura wa auren?"

Ta fizgo butar alwala ta tuttule a kaskon. Garwashin ya yi cuu, toka ta tashi, wuta ta mutu.

"Jamila, aje rigunan filon nan. Ɗauko farin leshin da yar rage na gado. Ki ɗinka baƙin ta baya, leshin ta gaba, wanda yas shigo shi ga labulen amarya, ita ko in ta ja shi ta samu duhunta. Wanga sakarai da sai shi rataya shi haka nan awa ɗakin gawa."

"Uwar Maniru fa da hancinta?" in ji Lirwanu, murya ta fara dawo masa.

"Yau ɗin ga za ni same ta, kafin magariba, in gaya mata komi da bakina, ita da ɗanta. In mai albasa yaf faɗi a ce rowa ta. In Daso mai turare tac ce ba a hayaƙi ɗakin ga, wa za shi ce ya fi ta sanin hayaƙi? Ranar kuma bakin ƙofa za ni zauna da kujerata. Duk wadda taz zo da kasko ko kwalbar humra ta aje ta waje da takalminta. Ƙawaye in an yi isha'i kowa ta kama gabanta. Abinci ni ka ba ta da hannuna bayan labule, in ga wanda za shi ce ya gani."

"Binta mai humra ta samu abin faɗi har ta mutu."

"Ta faɗa. Bakinta na, ba kan ɗiyata ba."

Ta shiga ɗaki ta fito rungume da babbar kwalbar nan, turaren da ta yi wata da watanni tana tsumawa don ɗakin Fiddausi, wanda ko ni ba ta bari in buɗe. Ta dangwarar da ita a cinyar Lirwanu.

"Ungo. Tukuicin bawa. Ka tafi da shi Shagari, bayan an kawo amarya ka shiga rumbun albasarka ka rufe ƙofa ka turara kanka. Ko Rahamatu ta san ta auri mutum kafin ta tsufa."

"Na karɓa. Dama baiwa ba ta da dukiya, duk abin da tat tara na ubangidanta na." Ya rungume kwalbar, ya miƙe, ya nuna yadin da ƙafa. "Jamila, in kin auna za ki ga ya yi yawa. Na taga biyu nis sayo."

Na ce, "Ɗakin amarya ai taga ɗaya gare shi."

"Na sani."

Ya juya ya kalli tagar ɗakin Daso, wadda take toshewa da tsohon buhu duk ranar da kanta ya sara. Ita ma ta bi idonsa ta kalla. Ta buɗe baki za ta zage shi, dariya ta riga zagin fitowa. Ta yi ta yi tana dafe da ɓarin kai tana cewa wash, hawaye na bin kumatunta, ban san na dariyar ne ko na ɗayan ba.

"Tafi, maye, kafin in fasa. Allah shi tsare hanya. Ka ce wa ɗiyata Gwaggo ta kashe wuta."

Ya tayar da babur ya fita. Na shimfiɗa yadin a tabarma na ɗauko almakashi, na tambaye ta wanne zan fara yankawa, tunda ga ta nan ido ɗaya a runtse.

"Fara da na Fiddausi," in ji ta. "Nawa kan ya saba jira."

Na zare farin zare daga keke na sa baƙi.